Filin Jirgin Saman Gusau: Zai Kawo Arziki Da Baƙi Kuwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Gusau, ina sayar da kayan gini. Tun da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin filin jirgin sama a 2024 muke gardama a majalisarmu. Wasu na cewa zai buɗe jihar, masu zuba jari da 'yan yawon buɗe ido su shigo, kasuwa ta motsa. Wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce, na manya ne kawai. Ni kuwa har na fara tunanin sayen fili a kusa da wurin in gina masaukin baƙi. Kai da ka yi aiki a wannan harka, tsakani da Allah filin jirgi yana kawo wa gari arziki da baƙi, ko kuwa?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Tambayarka biyu ce a ɗaure wuri ɗaya. Akwai ta majalisa, wato ko filin jirgi na iya tayar da tattalin arzikin jiha irin Zamfara. Akwai kuma ta aljihunka, wato ko ka zuba guminka a ginin masauki saboda shi. Ta biyun ce ta fi damuna, domin idan gwamnati ta yi kuskuren lissafi kasafin baɗi zai rufe mata, kai kuwa babu mai rufe maka.

Abin da shekarun da na yi ina aiki a filayen jiragen sama suka koya mini shi ne, filin jirgi ba ya ƙirƙiro fasinja. Mutanen da dama suke da dalilin tafiya, kuma suke da kuɗin tikiti, su yake ɗauka ya rage musu wahala da lokaci. Inda irin waɗannan mutane suke da yawa, filin kan ƙara wa garin ƙarfi sosai, har a ga kamar shi ne ya kawo arzikin. Inda ba su da yawa, sai a wayi gari da gini mai kyau, da titi mai sheƙi, da ma'aikata suna hamma. Saboda haka abin da za mu tsaya mu duba shi ne wa zai hau jirgi zuwa Gusau ranar Talata da safe, ba lokacin aikin Hajji ba, ba kuma ranar ɗaurin auren 'yar wani babba ba.

Ba Gusau ce farau ba

Mun yi sa'a, domin maƙwabta sun riga mu shiga wannan ruwa, muna iya ganin zurfinsa. Gombe ta gina nata a zamanin Danjuma Goje. A wajajen 2014 kuwa filaye uku suka fito kusan a tare: na Dutse a zamanin Sule Lamido, na Bauchi a zamanin Isa Yuguda, da na Birnin Kebbi a zamanin Sa'idu Dakingari. Yobe ta gina na ɗaukar kaya a Damaturu, wanda Shugaba Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023. Duk an gina su da alkawari iri ɗaya da wanda ka ji a majalisarku: masu zuba jari, fitar da amfanin gona, baƙi masu yawon buɗe ido.

Daga baya wasu daga cikin jihohin nan da kansu suka nemi Gwamnatin Tarayya ta karɓi filayen, kuma a zamanin minista Hadi Sirika aka sanar da karɓar wasu, ciki har da na Birnin Kebbi da Dutse da Gombe. Mutum ba ya gina abin da ke kawo masa riba sannan ya nemi wanda zai karɓa. Nauyin riƙewa ne ya yi yawa. Ita kanta hukumar FAAN mai kula da filayen tarayya ta faɗa a 2024 cewa cikin filaye 22 da take riƙe da su, uku ne kawai suke kawo riba, su ke ɗauke da sauran. Duk ƙasar nan, da take da mutum sama da miliyan 200, fasinjan da suka bi ta filayen jiragenta a 2023 ba su wuce miliyan 15 zuwa 16 ba, kuma mafi yawansu Legas da Abuja ne.

Dutse ita ce misalin da ya fi saurin fahimta. Filin yana da kyau, amma tsakaninsa da Kano tafiyar kilomita 100 da 'yan kai ce. Mutumin Dutse da zai je Abuja, idan ya duba ya ga jirgi ɗaya ne a garinsu, shi ma ba kullum ba, a Kano kuwa akwai na safe da na rana da na yamma, sai ya shiga mota ya nufi Kano. Kano ta daɗe da wannan ƙarfi. Nan jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a 1925, kuma tun 1936 ake zirga-zirga a filinta. Amma ko ita Kanon, kamfanin jirgin KLM na ƙasar Holland da ya shafe shekaru da dama yana sauka ya janye a 2012. Filin na nan bai gusa ba, kasuwar ce ta canja.

A nan Gusau ta ɗan fi Dutse hujja, kuma adalci ne a faɗa. Sakkwato na da nisan kimanin kilomita 200, Abuja kuwa ta mota sama da kilomita 400 ce, ta Tsafe da Funtuwa da Zariya da Kaduna. Ba sai na gaya maka halin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba, ka fi ni sanin yadda ake kama ta da addu'a a baki. Wannan tsoro ya hana mutane da yawa zuwa Zamfara: likita ƙwararre da ake son ya zo ya yi aiki na kwana biyu, malamin jami'a da zai zo duba jarrabawa, injiniyan kamfani, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Su ne fasinjojin farko na gaskiya, tare da jami'an gwamnati da manyan 'yan kasuwa. Jami'ar Tarayya ta Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda duk za su amfana. Wannan amfani ne na zahiri, ba na raina shi ba. Abin tambaya shi ne ko yawansu zai cika jirgi kullum.

Lissafin da kamfanin jirgi ke yi

Gwamna na iya gina fili, amma ba shi ke da jirgi ba. Mai jirgi ɗan kasuwa ne kamarka, kuma lissafinsa ya fi naka tsauri. Yana biyan hayar jirgi da kayan gyara da inshora da dala, yana karɓar kuɗin tikiti da naira. Man jirgi da ake sayarwa ƙasa da naira 200 lita a 2021 ya haura 800 a cikin 2022. Kujerar da ta tashi babu kowa a kanta kuwa ta tafi ke nan, ba kamar buhun siminti ba ne da za ka ajiye ka sayar gobe.

Bari mu yi lissafi na misali. Ɗauki ƙaramin jirgi mai farfela irin ATR 72, mai kujeru kusan 70. A ce yana buƙatar mutum 50 a zuwa, 50 a komawa, kafin ya fitar da kuɗinsa. Mutum 100 ke nan kowace rana, wato 36,500 a shekara, kuma kowannensu ya iya biyan tikitin da ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Idan kuwa Boeing 737 ne, wanda yawancin kamfanoninmu suka fi amfani da shi, sai ka ninka. To yanzu juya ka dubi abin da filin ke samu. A 2020 FAAN ta ɗaga kuɗin da ake karɓa a kan kowane fasinjan cikin gida mai tashi zuwa naira 2,000. Mutum 50 sau 2,000, naira 100,000 ke nan a rana. Ƙara kuɗin sauka da na ajiye jirgi da hayar shaguna da kuɗin shiga da mota, ka ma ninka duka sau uku. Kai mai sayen man janareta ne, ka san inda wannan kuɗi zai tsaya.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, filin da jirgi ɗaya ke sauka a rana yana cin kusan abin da mai jirgi goma ke ci. Na yi aiki a wani fili a Arewa da jirgin fasinja ke zuwa sau uku a mako. Kowace safiya, ko akwai jirgi ko babu, sai mun shiga mota mun bi titin jirgin daga wannan kai zuwa wancan a hankali, muna duba tsakuwa, ƙusa, tsagewar kwalta, gawar tsuntsu, domin ƙaramin dutse idan injin jirgi ya zuƙe shi asarar miliyoyi ce, wani lokaci ta rai. 'Yan kwana-kwana suna nan cikin kayansu, motocinsu cike da ruwa da kumfa, domin doka ta ce idan babu su jirgi ba zai sauka ba, kuma girman jirgin da za a bari ya sauka ya danganta da ƙarfin motocin da suke da su. Akwai masu hasumiya na hukumar NAMA da ke ba jirgi izinin sauka da tashi, akwai masu duba yanayi na NiMet, akwai jami'an tsaro, akwai masu yankan ciyawa saboda tsuntsaye. Wata damina ruwa ya kayar da wani sashe na shingen, aka yi watanni ana rubuta takarda kuɗin gyara bai fito ba. Sai ya zama kafin jirgi ya iso muna aika mutum biyu a kan babur su kori shanu da awaki daga gefen titi. Ina tsaye da rediyo a hannu, ina jin muryar matuƙi yana neman izinin sauka, idona na kan wani maraƙi da ya ƙi bin garke. Ranar na gane cewa ginin fili shi ne sashe mai sauƙi. Kuɗin gini sau ɗaya ake fitarwa, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Kuɗin riƙewa kuwa kowane wata ne, kuma gwamnan da ya gaji aikin ba lallai ne ya ɗauke shi nasa ba.

Sai hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, akwai ranakun da ba ka hango ƙarshen titin jirgin daga hasumiya. Filin da ba shi da na'urar da ke jagorantar jirgi har ƙasa, wadda ake kira ILS, ko yana da ita amma ba a auna ta a kan lokaci ba, jirgi zai zo ya yi shawagi ya juya. Idan aka yi wa ɗan kasuwa haka sau biyu, karo na uku mota zai shiga. Kuma waɗannan watanni na sanyi su ne daidai lokacin da baƙon waje ya fi son zuwa ƙasarmu.

Batun 'yan yawon buɗe ido

A nan zan yi maka magana ba tare da kwana-kwana ba, domin a kan wannan zato ne kake shirin gina masauki. Baƙo ba ya zuwa gari don yana da filin jirgi. Yana zuwa ne don akwai abin gani, kuma ya tabbata zai koma gida lafiya.

Dubi Bauchi. Tana da Yankari, wanda babu kamarsa a ƙasar nan: giwaye, da ruwan ɗumi na Wikki da zafinsa ke tsaye a kan digiri 31 rani da damina. Idan akwai jihar da filin jirgi ya kamata ya cika ta da baƙi, Bauchi ce. Amma daga garin Bauchi zuwa sansanin Wikki tafiyar sama da kilomita 100 ce a mota, kuma abin da ke sa baƙo ya dawo ko ya aiko abokinsa shi ne halin wannan hanya, da ɗakin da ya kwana, da ko akwai wuta da ruwa, da ko motar shiga daji ta tashi, da ko ya ga dabbobin da aka yi masa alkawari. Filin jirgin ya rage masa awoyin tafiya daga Abuja ko Legas, iyakarsa ke nan. Yawancin masu zuwa Yankari har yau 'yan makaranta ne da iyalai da ke zuwa a mota.

Dubi Argungu kuma. Bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Duk da haka an shafe kusan shekara 10 ba a yi shi ba, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi. Filin jirgin Birnin Kebbi na nan a tsakiyar waɗannan shekaru, bai sa an yi bikin ba. Ko a shekarar da aka yi, kwana huɗu ne. Masaukin da ya dogara da kwana huɗu a shekara ba zai biya mai gadi ba.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Agadas a Nijar. A shekarun 1990 zuwa farkon 2000 jiragen shata na tasowa daga Faransa kai tsaye su sauka a filin Mano Dayak, cike da Turawa masu zuwa ganin duwatsun Ayar da rairayin Tenere. Direbobi, masu raƙuma, maƙeran azurfa, masu dafa abinci, dukansu suna ci daga wannan. Da tawaye ya sake ɓarkewa a 2007, aka kuma sace ma'aikatan kamfanin Faransa a Arlit a 2010, sai ƙafa ta ɗauke. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas, da dogon masallacinsa na ƙasa, cikin wuraren tarihi na duniya, amma baƙin ba su dawo kamar da ba. Titin jirgin na nan, abin gani na nan, kwanciyar hankali ce ta tafi.

To Zamfara fa? Akwai Dutsen Kwatarkwashi, akwai madatsar ruwa ta Bakolori, akwai tarihin tsohuwar daular Zamfara da masarautunta, akwai hawan Sallah. Ina son waɗannan wurare, kuma ina fatan ranar da ɗalibai daga Legas za su zo su hau Kwatarkwashi. Amma yau wane uba ne zai sa hannu a takardar izinin wannan tafiya? Jihar da a watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta haramta shawagin jirage a samaniyarta saboda matsalar tsaro, ba za ta koma wurin shaƙatawa don an shimfiɗa titin jirgi ba. Shi kansa filin sai an tsare shi. A ranar 26 ga Maris 2022 'yan bindiga sun kutsa harabar filin jirgin Kaduna, kamfanoni suka dakatar da zuwa na wani lokaci, alhali Kaduna ce ta ɗauki dukan jiragen Abuja na mako shida a 2017 lokacin da ake gyaran titin can. Fili mai faɗin gaske a bayan gari, da shinge mai tsawon kilomitoci, tsare shi aiki ne na dare da rana.

Kaya fa?

Za ka ji ana cewa ko babu fasinja akwai kaya, za a riƙa fitar da amfanin gona. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ka tambayi duk mai fitar da riɗi ko zoɓo daga Jigawa ta ina kayansa ke bi. Tirela ce zuwa Legas, sannan jirgin ruwa. Busasshen kaya mai nauyi, wanda ba ya lalacewa da wuri, ba ya iya biyan kuɗin jirgin sama. Auduga, waken suya, gero, dawa, gyaɗa, duk abin da Zamfara ta fi nomawa yana cikin wannan rukuni. Da can ma da Gusau ta yi tashen auduga da gyaɗa, layin dogo ne ya ɗauke su, wanda ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Abin da ke hawa jirgin sama shi ne mai tsada mai saurin lalacewa, irin furannin da Kenya da Habasha ke aikawa Turai, ko ɗanyen nama da kayan lambu. Su kuma suna buƙatar ɗakin sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, da wurin gwaji da zai ba da takardar da ƙasar da za a kai ta yarda da ita. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa. Ba rashin jirgi ne ya jawo wannan ba. Jirgin kaya kuma yana son ya zo da kaya ya koma da kaya, ba ya zuwa wayam.

Inda na tabbata zai yi amfani

Aikin Hajji. Wannan kam babu gardama, kuma kada kowa ya raina shi. Shekara da shekaru maniyyatan Zamfara ana kwasarsu a motoci zuwa Sakkwato kafin su tashi. Wanda bai taɓa aikin jigilar alhazai ba ba zai san abin da wannan ke nufi ga tsohuwa mai shekara 70 ba. Na ga irinsu a zaune a kan tabarma a sansani, da jakar hannu a cinya, an ce jirgi ƙarfe goma na dare, sai ga shi har asuba bai zo ba, ga ta nesa da gida, babu ɗa babu jika da zai miƙo mata ruwan alwala. A garinsu kuwa, iyalai na rakowa har bakin ƙofa, masu abinci da masu shayi da 'yan acaɓa da masu ɗinkin jaka duk suna samu. Birnin Kebbi ta ci wannan moriya, har daga can aka ƙaddamar da jigilar alhazan ƙasa ta 2024. Sai dai aikin makonni ne, tafiya da dawowa, kuma yana buƙatar dogon titi da manyan motocin kashe gobara da za su zauna sauran watanni goma suna jiran baɗi. Idan gwamnati ta fito ta ce, mun gina ne don alhazanmu, da marasa lafiya da za a fitar cikin gaggawa, da jami'an tsaro, da kuma don kada jiharmu ta zama a yanke, kuma ga abin da za mu riƙa kashewa duk shekara, ni zan ce hujja ce mai ƙarfi. Asibiti ma ba riba yake kawowa ba. Abin da ba na so shi ne a sayar wa talaka da shi da sunan zai mayar da kuɗinsa.

Kuma kada in yi rashin adalci, akwai wuraren da abin ya yi kyau fiye da yadda irinmu masu lissafin fasinja muka zata. Anambra ta buɗe nata a Disamban 2021, ga filin Asaba a tsallaken kogi, ga na Enugu da na Owerri ba nisa, amma fasinja suka fito, domin 'yan kasuwar Onitsha da Nnewi dama suna nan, tafiya ce sana'arsu. Akwa Ibom kuwa, bayan ta buɗe filin Uyo a 2009, sai ta kafa kamfanin jirginta, Ibom Air, a 2019, wanda ya sa zuwa Uyo ya zama abin dogaro, tarurruka da wasannin ƙwallo suka bi. Amma jiha ce mai kuɗin man fetur da Zamfara ba ta da irinsa. A ɗaya gefen kuma, ba mu kaɗai ke kuskure ba: a Sifaniya an kashe kusan yuro biliyan 1 a filin Ciudad Real, aka buɗe a 2008, aka rufe a 2012. Lissafin fasinja hasashe ne, yana iya kuskurewa ta kowane ɓangare. Idan tsaro ya daidaita, aka kuma tsara haƙar zinare da sauran ma'adinai bisa doka tun da an ɗage haramcin haƙar ma'adinai a jihar a ƙarshen 2024, Gusau na iya samun zirga-zirgar da ba a gani yau. Ni aikin fili na sani, ba zan yi maka alkawarin yadda tsaro zai kasance nan da shekara biyar ba.

Da za a nemi shawarata a gwamnati, zan ce a nemi kamfani ɗaya mai ƙaramin jirgi a yi yarjejeniya a rubuce: ya riƙa zuwa a ranaku sanannu, a lokaci sananne, jiha ta ɗauki nauyin wasu kujeru na shekara biyu ko uku, ana rage tallafin a hankali, kuma a bayyana wa jama'a adadin. Jirgi sau huɗu a mako da ba ya saɓawa ya fi na kullum da ake sokewa. A ware kuɗin kula da shinge da fitilu da motocin kashe gobara a doka, ba sai an bi ofis-ofis ana roƙo ba. A horar da 'ya'yan jihar tun yanzu a kwalejin koyon harkar jiragen sama ta Zariya, don kada a wayi gari duk ma'aikatan baƙi ne masu neman canjin wurin aiki. A kuma biya manoman da aka karɓi gonakinsu diyya cikakkiya, domin maƙwabcin da ke jin an zalunce shi ba zai gaya maka ya ga baƙuwar fuska a bakin shinge ba.

Komawa kan masaukinka

Alhaji, kada ka gina masauki a bakin filin jirgi. Masaukin bakin fili yana ci ne a wurin da fasinja ke sauka daga wani jirgi ya kwana ya hau wani, kamar Legas ko Adis Ababa. Wanda ya sauka a Gusau, Gusau ya zo. Mota na jiransa, cikin gari zai shiga, kusa da ofishin da ya kawo shi ko gidan ɗan'uwansa, kuma a halin da ake ciki ba zai so kwana a bayan gari ba. Idan har masauki kake so, gina shi a cikin gari inda ko babu jirgi akwai mai kwana, ka sa masa rijiyar burtsatse da sola da ɗakin taro, ka ajiye mota mai kyau da direba amintacce da zai riƙa ɗauko baƙi. Ɗakin taron nan da motar sun fi kusanci da fili daraja a wurin ma'aikacin ƙungiya ko ɗan kwangila.

Idan kuma filin ƙasa ne kake son saya ka ajiye, to ka fara zuwa ma'aikatar ƙasa ka ga taswirar iyakar filin jirgin da idonka, har da inda aka tanada don faɗaɗawa nan gaba. Kada ka yarda da nunin dillali. Akwai dokar tsayin gini a kewayen kowane fili, musamman ta bakin titin inda jirgi ke sauka da tashi, kuma hukumar NCAA mai kula da dokokin harkar jiragen sama ce ke ba da izini, tana iya hana ka ɗora bene ko kafa tankin ruwa mai tsayi. Na ga mutanen da suka sayi fili da tsada a lokacin ɗoki, daga baya aka ce wurin na cikin shinge, suka shekara suna bin diyya.

Sannan ka ba abin lokaci. Ka bari a yi cikakkiyar shekara ana zirga-zirga, a wuce hazo ɗaya da damina ɗaya. Ka riƙa aika yaronka bakin filin ranar Talata ko Laraba, ya tsaya ya ƙirga mutum nawa suka fito da jaka, ya tambayi direbobin haya sau nawa aka soke jirgi a watan. Ka rubuta a littafin shago na wata shida, ka ware makonnin Hajji da na Sallah da ranakun taron siyasa. A kasuwarka ta kayan gini kuwa, ka sa ido kan kwangilolin gyaran shinge da magudanan ruwa da gidajen ma'aikata, domin waɗannan ba sa ƙarewa a filin jirgi, kuma siminti da rodi da waya za a nema.